Ina Rawar Dandalin Gaya da Ajingi Ta Shiga?

Da za a shiga wani ajin sakandare a Gaya ko Ajingi a ce ɗalibai su lissafa 'yan ƙwallon Ingila guda goma, kafin malami ya rufe baki an cika allo da sunaye. Amma da za a ce wani ya fito gaban aji ya nuna taku uku na rawar da kakansa ya yi a dandalin garinsu, sai ajin ya yi tsit, a koma kallon-kallo ana 'yar dariya. Mu da muka taso a wannan yanki mun san haka abin yake. Mun gaji sunayen raye-rayen, har muna rubuta su a jarrabawar Hausa ta WAEC da NECO a ɓangaren al'ada, amma ƙafafunmu ba su san su ba.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Waƙa ana iya rubuta ta a ajiye, tatsuniya ma haka. Shi kuwa taku a jikin mutum yake zaune. Ran da tsohon da ya iya shi ya kwanta dama, ya tafi da abinsa ke nan, in dai bai koya wa wani ba. Shi ya sa muka ɗauko maganar a wannan makon, don mu duba abin da muke da shi, mu ga yadda ya suɓuce mana, sannan mu leƙa wasu ƙauyukan Ingila inda manoma da masunta suka riƙe tasu rawar ƙafar da wata 'yar gasa wadda ba ta fi ƙarfin kowace makaranta a nan ba.

Dandali, makarantar da ba ta da allo

Kafin zuwan lantarki da talabijin, kusan kowane gari a ƙasar Hausa yana da dandali, wato filin da yara da samari da 'yan mata ke haɗuwa bayan sallar isha'i, musamman a daren farin wata. Garuruwanmu irin su Kademi da Shagogo da Gamarya a Gaya, ko Toranke da Balare da Gafasa a Ajingi, duk a cikin wannan tsari suka rayu. Ku tambayi kowace kaka da ta manyanta, za ta nuna muku inda nasu dandalin yake, ko da yanzu an gina shaguna a wurin.

Babban wasan 'yan mata a dandali shi ne gaɗa. Sukan yi da'ira suna tafi, ɗaya na ba da waƙa saura na amshi. Babu ganga a gaɗa, tafi da ƙafa su ne kiɗan. A wani salon, yarinya kan shiga tsakiya ta yi 'yan taku, sai ta saki jiki ta faɗa da baya, ƙawayenta su tare ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta daidai da faɗuwar tafi. Wadda ta riga tafin ko ta makara, kowa zai ji, ba sai an faɗa ba. A nan yarinya ke koyon lissafin lokaci, da kuma amincewa da cewa ƙawayenta ba za su bari ta sha ƙasa ba.

Idan mai kalangu ya sauka a gari kuwa, wasa ya sauya. Kalangu a hammata ake rataya shi, makaɗi ya matse igiyoyin jikinsa ko ya sassauta, muryar kiɗan ta hau ko ta sauka. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu na iya kwaikwayon magana, har ya kira sunan mutum ko ya yi masa takensa. Gwanin rawa shi ne wanda ke jin abin da kalangu ya ce, ya ba shi amsa da ƙafa. Akwai asauwara da samari da 'yan mata suka yi yayi. Akwai kuma takai, inda samari ke zagaye riƙe da sanduna, kowa ya juya ya buga sandar na gabansa, ya sake juyawa ya buga ta na bayansa. Mutum ɗaya ya kuskure, sai duk da'irar ta rikice, wani ma ya sha sanda a yatsa.

Sana'o'i ma kowace da kiɗanta da rawarta. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, manoma na da gangar noma wadda ake kaɗa musu a wurin gayya don ta zaburar da su. 'Yan hoto kan cilla garma sama su cafe suna rawa. Ko a tsakar gida, matan da ke lugude kan jefa taɓarya sama su tafa hannu su cafe ta ba tare da kiɗan turmi ya ɓaci ba. Mu mutanen Gaya muna da ƙarin dalilin kula da wannan fanni, domin tarihin baka ya nuna Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dutsen Dala suna haƙar tama tun kafin a kafa sarautar Kano, daga Gaya suka taso. Garin da ke alfahari da maƙera bai kamata 'ya'yansa su kasa bambance kiɗan dundufa da na gangar noma ba.

Gasa ma ba baƙuwarmu ba ce. Da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, samarin ƙauyuka da dama a ƙasar Hausa kan shirya kalankuwa, su gayyato takwarorinsu na garuruwan maƙwabta a kwana ana wasa. Babu kofi, babu alƙali mai takarda da biro. Ana gane gwani ne ta yawan guɗar da aka yi masa, da kuɗin da aka liƙa masa a goshi, da kuma yadda makaɗi ya biyo shi da kiɗa ya ƙi sakinsa. Sunan da mutum ya yi a daren kan bi shi har tsufa.

Koroso: ƙafa ta zama abin kiɗa

A cikin raye-rayen Kano, wadda ta fi fita duniya ita ce koroso. Ta samo sunanta ne daga abin da masu rawar ke ɗaurawa a ƙafa, wato wasu 'yan ƙunshe-ƙunshe da ake jerawa a igiya, da ƙananan tsakuwa ko ƙwayoyi a cikinsu, waɗanda ke yin kacau-kacau duk lokacin da ƙafa ta taɓa ƙasa. Akwai ɗan uwansa na ƙarfe da ake kira akayau, wanda maƙera ke ƙerawa.

Abin lura a nan shi ne, da zarar mutum ya ɗaura koroso ya zama makaɗi shi ma. Duk takun da ya yi sai an ji shi. Idan mutum goma na rawa tare, dole ƙarar ƙafafunsu ta fita tamkar ta mutum ɗaya, ta kuma zauna daidai a kan ganga da sarewa. Ko makaho na zaune a wurin zai iya faɗa maka wane ne ya kuskure. Shi ya sa koroso ke buƙatar horo mai tsanani da ƙarfin jiki, ga kuma tsalle-tsalle da lanƙwashe-lanƙwashen da masu yin ta suka shahara da su.

Rawar ta haɗo salon Hausawa da na Fulani, kuma tun shekarun 1970 ake wakiltar Kano da ita a bukukuwan al'adu. A wancan zamani gwamnatoci sun ba harkar al'adu muhimmanci ƙwarai: an fara bikin fasaha da al'adu na ƙasa a 1970, aka kafa majalisar kula da fasaha da al'adu ta ƙasa a 1975, sannan Najeriya ta karɓi baƙuncin FESTAC a 1977. A yau Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ke Gidan Ɗan Hausa a cikin birni, ita aka fi sani da 'yan koroso.

To ga abin dubawa. Koroso ta rayu ne saboda ta samu masu koyar da ita, da wurin atisaye, da ranar da za a fito a nuna ta. Amma a birni take zaune, sai an yi baƙi ko wani babban taro ake ganinta. Yaron Kunkurawa ko na Maimakawa ya fi ganinta a waya fiye da a fili. Su kuwa takun ƙauye da ba su samu shiga wata tawaga ba, babu mai atisayensu, babu ranar fitarsu.

Me ya watsa dandali?

Ba abu ɗaya ba ne. Na farko, dare ya samu wasu ayyukan. Lokacin da a da ake fita gaɗa, yanzu na makarantar Islamiyya ta dare ne, ko na bitar karatu, kuma babu mai hankalin da zai ce wannan ci baya ne. Na biyu, nishaɗi ya shigo gida. Rediyo ta zo, talabijin ya biyo baya, finafinan Indiya suka samu karɓuwa, sannan daga 1990, lokacin da aka yi fim ɗin Turmin Danya, finafinan Hausa suka fara yaɗuwa da nasu salon rawar. Yau ga gidan kallon ƙwallo, ga waya a hannun kowa, ga TikTok. A gidan biki ma, inda a da ake ɗauko mai kalangu, yanzu DJ ake kira da manyan lasifikoki. Makaɗin da ba a gayyata ba zai koya wa ɗansa sana'ar da ba ta kawo abinci ba.

Na uku, ci-rani. Da an gama girbi, samari da yawa kan kama hanyar Kano ko Legas ko Abuja neman kuɗi. Lokacin kalankuwa ke nan, sai ya zama masu yin ta ba sa gari.

Na huɗu, kuma wanda ya fi nauyi, shi ne maganar addini. Tun zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo malamai ke sukar tarukan kiɗa da ke cakuɗa maza da mata. A zamaninmu, bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekarar 2000, an kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, aka yi dokar Hukumar Hisbah a 2003, jama'a kuma suka ƙara sa ido a kan abin da ke faruwa a wuraren taruwar matasa. Gaskiya ɗaya ce, iyayenmu ba su ƙirƙiri damuwarsu ba. Dandalin dare ya sha jawo fitina, daga faɗan samari zuwa lalacewar tarbiyya da shagala daga salla. Duk wanda ya ce a maido da shi yadda yake a da, bai san abin da yake faɗa ba.

Sai dai a wajen kakkaɓe ƙaiƙayi, tsaba ma ta bi iska. Gaɗar da 'yan mata ke yi su kaɗai da tafin hannu, da takai na samari zalla, da takun manoma a bakin gona, duk sun tafi tare da abin da ake gudu. Gurbin da suka bari kuma bai zauna fayau ba, raye-rayen waya ne suka cike shi, waɗanda sau da yawa sun fi na dandali nisa da kunyar Bahaushe.

Yadda ƙauyawan Ingila suka riƙe tasu

Mu da muka san Ingila ta hanyar ƙwallo, da wuya mu zaci akwai rawar ƙauye a can. Akwai ta kuwa, kuma ta talakawa ce. Rawa ce ta taku zalla: mutum ya tsaya wuri guda, jikinsa a miƙe, hannuwansa a sake, ya riƙa buga diddige da kan yatsu a ƙasa mai tauri yana fitar da kiɗa. Ma'aikatan gona da masunta da matafiya masu yawo da keken doki su suka fi riƙe ta. Wurin yin ta shi ne mashayar ƙauye, domin a al'adarsu nan ne matattarar gari bayan an tashi daga aiki. Wani ya ɗauko abin kiɗansu mai kama da zugazugin maƙera, wanda ake ja a matse, sai masu rawa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙoƙarin ɗara na gabansa. A shekarun 1950 masu binciken al'adu sun ɗauki fim ɗin irin wannan zama a wata mashaya mai suna Ship da ke ƙauyen Blaxhall a yankin Suffolk.

A arewacin ƙasar, wajen Lancashire, ma'aikatan masaƙu na sa takalma masu ƙasan katako, sai rawar ta ɗauki ƙarar wannan takalmi, kamar yadda namu luguden ya fito daga turmi. Gasar ta yi ƙarfi a ƙarni na 19 har ta kai ga manyan gidajen wasa. Dan Leno, wanda daga baya ya zama shahararren ɗan barkwanci, ya ci gasar wannan rawa a birnin Leeds a 1880. Charlie Chaplin ma, kafin duniya ta san shi a fim, yana yaro ɗan kimanin shekara 10 ya yi aiki a wata tawagar yara masu irin wannan rawa.

Su ma tasu ta kusa mutuwa, kuma kusan abin da ya ci tamu ne ya ci tasu: rediyo da talabijin da sababbin kaɗe-kaɗe, da ƙaurar matasa zuwa birane. Masu mashaya suka shimfiɗa kafet a daɓen da ake rawa a kai, ƙarar taku ta daina fita.

A yankin Dartmoor da ke kudu maso yammacin ƙasar, wani makaɗi mai suna Bob Cann, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 1990, ya ƙi yarda abin ya tafi haka nan. A wurin danginsa ya koyi kiɗan da takun tun yana yaro. Da ya ga masu iyawa na ƙarewa, sai ya shiga koya wa na baya, sannan a 1978 ya kafa bikin al'adun Dartmoor, wanda ake yi a watan Agusta a ƙauyen South Zeal. Gasar taku na cikin manyan abubuwan da ake zuwa kallo. Ana ɗora wani ɗan allon katako mai faɗin inci 15 a kowane gefe, wato kimanin santimita 38, a kan amalanken ɗaukar ciyawa. Girman allon ya ɗan ɗara faifai ne kawai. Mai rawa ya hau shi kaɗai, ya fara da takun share fage, sannan ya kawo na gwaninta, kuma dole ya tsaya a kan allon. Akwai rukunin manya, akwai na yara.

Abin da za mu ɗauka, da wanda za mu bari

Mashaya dai ba tamu ba ce, addininmu da al'adarmu sun raba mu da ita, kuma ba ita ce ta ceci rawar ba. Su kansu a Dartmoor fili suka fito da gasar, inda yara da iyaye ke zuwa kallo da rana. Abubuwa huɗu ne suka yi aiki, kuma babu na kuɗi a cikinsu.

Na ɗaya, sun bar abin a ƙauyensa. Ba su jira a kai shi Landan ba. Na biyu, sun sa masa rana tsayayya a shekara, wadda kowa ya sani, don haka akwai dalilin yin atisaye. Na uku, sun yi ƙa'ida mai sauƙi da kowa zai gane. Ƙanƙantar allon ta hana tsalle-tsallen burga, ta tilasta wa mai rawa ya nuna abin da ƙafarsa ta iya. Na huɗu, sun buɗe wa yara ƙofa, sun haɗa su da tsofaffin da suka iya. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sun kuma ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gasar ta haɗa karin maganar guda biyu a wuri ɗaya.

Duniya ma ta fara gane darajar irin wannan gado. Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin al'adun da ake tattali a 2016, ta kuma sa hawan sallar Kano a 2024. Amma waɗannan manya ne, suna da sarakuna da gwamnati a bayansu. Takun gaɗar Dundun ko na manoman Kazurawa babu wata hukuma da za ta zo daga Faransa ta rubuta shi. In ba mu ba, babu kowa.

Gasar taku a makarantarmu

Ga shawarar da muke ba ƙannenmu na sakandare, musamman 'yan ƙungiyar Hausa da masu shirya ranar al'adu.

Ku fara da izini. Ku je wurin malamin Hausa da malamin addini tare, ku yi musu bayani, su kai maganar ga shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai. Ku faɗi sharuɗɗan tun farko: da rana za a yi, a harabar makaranta, maza daban mata daban, cikin sutura ta mutunci, babu waƙar batsa ko habaici, kuma a tashi kafin lokacin salla. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, don haka duk ɗalibin da iyayensa ba su amince ba, kada a matsa masa, kada a yi masa gori. Yana iya zama marubucin gasar ko mai kula da lokaci. Inda ba a son ganga, tafi da koroso sun wadatar, gaɗa ma ai da tafi ta rayu.

Sai neman masu iyawa. Kowane ɗalibi ya fara da gidansu. A zauna da Kaka ko Inna bayan an ci tuwon dare, a gaishe ta da ladabi, a ce, "Kaka, don Allah wane irin taku kuke yi a gaɗa kuna 'yan mata?" Da farko za ta yi dariya ta ce ta manta. Ku yi haƙuri, ku fara tafin, za ku ga kafaɗarta ta motsa. Don tsofaffin makaɗa da 'yan takai, ku bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, ya san gidan da ganga ke rataye. Ku tafi da goro ko ɗan abin alheri, domin makaɗi ba a zuwa masa hannu rabbana.

Ku rubuta abin da kuka samu a littafi guda: sunan takun, garin da ake yinsa, lokacin da ake yinsa, kiɗan da ke tafiya da shi, da wanda ya koya muku. Idan za ku ɗauka a waya, ku nemi yardar mutum tukuna, ku saita wayar a kan ƙafafu domin su ne abin nema. Kada a ɗora hoton kowa a intanet ba da saninsa ba, balle na iyayenmu mata. A ajiye kwafi ɗaya a ofishin malamin Hausa.

Wajen gasar kanta, ku ari dabarar allon nan. Ku zana da'ira da toka a ƙasa mai tauri, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Mai gasa ya ɗaura koroso ya shiga, a ba shi minti biyu. Kafin ya fara, ya faɗi sunan takun da garin da ya fito, ya kuma ambaci wanda ya koya masa. Alƙalai uku sun isa: malami ɗaya da dattawa biyu daga gari, mata su yi wa 'yan mata alƙalanci, maza su yi wa samari. Su duba abu huɗu: zaman taku a kan kiɗa ko tafi, fitar ƙarar koroso ba tare da hargitsi ba, yawan salon da aka kawo, da natsuwa. Wanda ya taka toka ya rasa maki. Kuna iya sa alƙali ɗaya ya juya baya, ya yi hukunci da kunne kaɗai. Bayan na ɗaiɗaiku, a yi na rukuni, gaɗa ga 'yan mata, takai ga samari, gida da gida kamar yadda ake yi a gasar guje-guje.

Kyauta ba sai mai tsada ba. Littattafan rubutu ko sabulu sun isa, amma a tanadi wani abu na musamman ga dattijon ko dattijuwar da ɗalibinta ya yi nasara, a kira sunanta a gaban jama'a. Wannan girmamawa ce za ta sa sauran tsofaffi su buɗe baki baɗi. Idan makarantu biyu ko uku suka saba, sai a gayyaci juna, Gaya ta je Ajingi bana, Ajingi ta zo Gaya baɗi, kamar yadda samarin da ke gayyatar juna kalankuwa.

Amfanin da ke ciki

Wani zai ce, ana fama da lissafi da Turanci, ina ruwan ɗalibi da rawa? Amsar ita ce, ɗalibin da ya zauna da kakarsa ya rubuta yadda ake gaɗa ya riga ya amsa tambayar al'ada a jarrabawa, ya kuma koyi yin tambaya da sauraro da adana bayani, waɗanda su ne jarin ɗan jarida da mai bincike. Jami'ar Bayero na da sashen nazarin wasan kwaikwayo da cibiyar binciken harsunan Najeriya da adabin gargajiya, kuma irin wannan littafi da za ku cika shi ne abin da masu bincike a can ke yawon nema. Ga motsa jiki, ga koyon aiki tare, ga kuma zumuncin da zai ƙaru tsakanin jika da kaka, waɗanda a gidaje da yawa yanzu gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Lokaci ne dai ba ya jira. Waɗanda suka yi tashen dandali a shekarun 1960 da 1970 yanzu tsofaffi ne, kowace shekara kuma ana raguwa. Hutun da ke tafe, kafin ku ɗauki waya bayan isha'i, ku leƙa ɗakin Kaka da littafi da biro. Ku roƙe ta taku ɗaya, ku koya har ya zauna, sannan in an koma makaranta ku koya wa na kusa da ku a aji.